Ki San Ruwanki Kafin Ki Zargi Sabulu

Yau zancenmu a kan ruwan wanka ne, abin da kowace mace ta ke zuba wa jikinta safe da yamma, amma ba safai ta kan tsaya ta dube shi ba. Ruwan sha kam mun sha jin gargaɗi a kansa: a tace, a tafasa, a rufe randa. Na wanka kuwa sai mu ce ai ba ciki zai shiga ba, kowane iri aka samu ya yi. To, ni ma haka na ɗauka, sai da jikina ya gaya mini.

Sa'ad da na gama kwalejin horon malamai, aka tura ni koyarwa wata makarantar 'yammata ta kwana, a wani gari mai nisa da namu. Ban cika wata biyu ba sai fatata ta yi furu-furu kamar na yi birgima cikin toka. In na fito daga wanka sai ƙaiƙayi ya taso mini a ƙafa da baya. Gashina kuwa, da na ke taƙama da shi a gida, ya bushe ya yi tauri, mataji ba ya shiga sai da kokawa. Na sake sabulu har sau uku, a banza. Na kai kuka wurin gwaggona, ta ce ko dai bakin mutane ne ya kama ni.

Ran nan ina tsaye a madafa ina susa, sai Iya mai dafa wa ɗalibai abinci ta dube ni ta yi dariya, ta ce, “Malama, ba sabulu ba ne, ba kuwa baki ba ne. Ruwan garin nan ne, ba ya kumfa. Zo ki gani.” Ta jawo tukunyar da a ke tafasa ruwan shayi, ta karkata mini ita. Sai ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta kamar an yi mata shafen farar ƙasa. Ta ce, “Kin ga wannan? Abin da ya ke manne wa tukunya, shi ya ke damun jikinki.” Na ce, “Iya, ashe yau ke ce malama, ni ce ɗaliba.”

Tun daga ran nan na shiga bin diddigin al'amarin. Abin da na gano shi ne, ɓacin ruwan wanka iri huɗu ne: akwai ruwa mai dutse, akwai mai laka ko tsatsa, akwai na famfo mai ƙarfin magani, akwai kuma na tafki mai ɗauke da cuta. Kowanne da irin ɓarnarsa, kowanne da maganinsa, maganin wani kuwa ba ya yi wa wani. Mace in ba ta san wanne ne nata ba, sai ta yi ta zubar da kuɗi wurin mai kanti, ciwo yana nan inda ya ke.

Yadda fata ta ke

Bari mu fara da ita fatar. Ku ɗauki bayanta kamar katangar gida. Akwai tubali a jere, akwai kuma laka a tsakaninsu da ta riƙe su. Tubalin su ne ƙananan ɓawon fata da ido ba ya gani, lakar kuwa wani maiƙo ne da jiki ya ke yi da kansa. Muddin katangar nan tana da kyau, danshin jiki ba ya fita, ƙazanta ba ta shiga. In aka wanke maiƙon nan fiye da kima, katanga ta tsage, sai bushewa da ƙaiƙayi da kaushi su biyo baya.

Sa'an nan fata tana da ɗan tsami-tsami na halitta. Masana suna da wani ma'auni daga 0 zuwa 14. Abu mai tsami yana ƙasa da 7, abu mai ƙarfin kanwa ko toka yana sama da 7. Fatar mai lafiya tana wajen 5, sabulun sanda kuwa yana wajen 9 ko 10. Watau duk sa'ad da ki ka yi wanka da sabulu, sai fata ta ɗauki lokaci kafin ta koma yadda ta ke. In ruwan ya ɗauraye sabulun sarai, ba komai. In ya bar saura a jiki, nan ne magana ta ke.

Ruwa mai dutse

Ruwan sama sa'ad da ya sauko ba shi da dutse a cikinsa, shi ya sa ɗan sabulu kaɗan ya kan cika kwarya da kumfa. Amma in ya nutse cikin ƙasa ya bi ta kan dutsen farar ƙasa, sai ya narkar da wani abu daga jikin dutsen ya tafi da shi. Abubuwa biyu ne manya, masana suna kiransu kalsiyam da magniziyam. Ido ba ya ganinsu, ruwan yana nan garau, kyan ɗan maciji. Irin dutsen nan akwai shi da yawa a ƙasarmu. Shi a ke haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka ta jihar Gombe, a yi siminti da shi. Saboda haka a kan sami irin ruwan nan a rijiya da rijiyar burtsatse fiye da a kogi. In dutsen bai wuce miligiram 60 a lita ɗaya ba, a kan ce ruwan mai laushi ne. In ya haura 120 ya zama mai dutse, in ya haura 180 kuwa ya kai matuƙa.

Shan ruwan nan ba ya cutarwa. Rigimarsa da sabulu ce. Sabulun sanda, har da sabulun salo namu na gargajiya, da mai da toka ko soda a ke yinsa. In ya gamu da dutsen nan sai su haɗu su zama wani dasƙararren abu fari-fari wanda ba ya narkewa. Shi ne ki ke gani yana yawo a kan ruwan wanki, shi ne kuma ya ke yin zobe a jikin bokiti. Da ya ke kumfa ba ta tashi, sai mace ta ƙara goga sabulu, ta ƙara dirza da soso. Ga sabulu ya yi yawa, ga shi bai ɗaurayu ba. A kan gashi kuwa abin ya kan taru a hankali, gashi ya dushe, ya yi kaushi, ya riƙa sarƙewa, wajen tajewa ya kakkarye.

Likitocin Ingila sun daɗe suna binciken wannan, gama kudancin ƙasarsu ruwa mai dutse ne. A 1998 aka buga wani bincike da aka yi a kan 'yan firamare na yankin Notingam. Aka duba ciwon nan na bushewar fata da ƙaiƙayi wanda likitoci su ke kira ezima, mu kuma mu kan haɗa shi cikin kirci. Inda ruwa ya fi dutse, yara wajen 17 cikin 100 sun yi fama da shi a shekara ɗaya, inda ya fi laushi kuwa 12 cikin 100. A 2018 kuma aka buga wani gwaji da aka yi a Shefil da mutum 80, aka ga cewa fatar da aka wanke da ruwa mai dutse ta fi riƙe sauran sabulu, ta kuma fi saurin bushewa.

Ga gwajin da kowace 'yar makaranta za ta iya yi. Ki sami kwalba biyu masu murfi, girmansu ɗaya. Ki zuba ruwan sama a ɗaya zuwa rabi, ki zuba na rijiyarku a ɗayar zuwa rabi. Ki kankare sabulu daidai wa daida ki zuba musu, ki rufe, ki girgiza kowace sau 20. In ta rijiya ta yi fari kamar tsala, kumfarta kuwa ba ta kai rabin ta ruwan sama ba, to, ruwanku mai dutse ne.

Me za a yi? Na fari, tafasawa tana rage wani kashi na dutsen, shi ne ɓawon da Iya ta nuna mini. An ce mai haƙuri ya kan dafa dutse, ga shi kuwa mun gani da ido. Ba za a iya tafasa ruwan wankan gida duka ba, itace da gas sun yi tsada, amma na jariri da na wanke gashi a iya. Ki tafasa, ki bari ya huce ya kwanta, ki tsiyaye na sama. Na biyu, da damina ki tari ruwan sama, amma ki bar na farko ya wanke rufi ya zube tukuna, ki kuma rufe mazubin don sauro. Na uku, ki rage sabulu. Hammata da matsematsi da ƙafa su ne masu bukatarsa kullum, sauran jiki ɗan kaɗan ya isa, sa'an nan ki ɗauraye da kyau. Sabulun ruwa na wanka, irin wanda ba da soda aka yi shi ba, ba ya dasƙarewa a ruwa mai dutse kamar na sanda. Garin sabulun wanki da sabulun soda kuwa na tufafi ne, kada su taɓa jikinki ko na ɗanki.

Gashi kuma, karkashi da kakanninmu su ke wanke kai da shi yana da santsi, yana warware gashi ba tare da ya bushe shi ba, sai dai a bar cika masa kanwa. Bayan kin wanke, ki matse lemun tsami ɗaya a kofi huɗu na ruwa ki zuba a kai. Tsamin ya kan narkar da dutsen da ya manne. Ki bar shi minti 2 ko 3, sa'an nan ki ɗauraye sarai. Kada ya shiga ido, kada a zuba a kan ƙurji, kada kuma a wuce sau ɗaya a mako. Ku lura ƙwarai, ruwan lemun tsami in ya bushe a fata aka shiga rana da shi, ya kan ƙona wurin ya bar baƙin tabo. Don haka a wanke wuya da goshi da hannu.

Ruwa mai laka da mai tsatsa

Na biyu shi ne wanda ido ya ke gani: ruwan kogi da damina, ko na rijiyar da ta kusa ƙafewa, ko wanda mai garuwa ya kawo ba ki san inda ya ɗebo ba. Ki zuba a farin kwano ki bar shi ya kwana. In da safe kin ga laka a gindi, kin san matsayinki. In kuwa ruwan ya fito daga burtsatse garau, sa'an nan ya juye ja-ja bayan ya sha iska, yana ƙarnin ƙarfe, to, baƙin ƙarfe ne a cikinsa. Ko miligiram 0.3 a lita ya isa ya ɓata farin zane. Laka ita kanta ba dafi ba ce, amma tana zama a gindin kitso, tana kuma rakiyar ƙwayoyin cuta zuwa ga ƙurji ko tsagar ƙafa ko cibiyar jariri.

Maganin wannan ba sabo ba ne. Gidan ruwa na Challawa, wanda Kano ta samu tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da na Tamburawa da ya zo daga baya, aikinsu hawa-hawa ne: a zuba alif laka ta dunƙule, a bari ta kwanta, a bi da ruwan ta cikin yashi, sa'an nan a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Abin da su ke yi da injuna, ke ma kya yi rabinsa da randa.

Ki ɗauki ɗan dunƙulen alif, wanda wasu su ke kira alimun, ki kaɗa shi cikin bokiti sau kaɗan ki cire. In ya yi yawa ya kan ɗaure fata. Ko kuwa ki ɓare busasshen irin zogale, ki daka farar ƙwayar ta yi laushi, ki dama da ɗan ruwa ki zuba, ƙwaya 1 a lita 1 in ruwan ya yi dagwalo ƙwarai. Ki juya da sauri, sa'an nan a hankali, ki bar shi awa ɗaya ko biyu. Matan ƙauyukan Sudan na bakin kogin Nilu sun daɗe suna wannan dabara, a wurinsu ma masana su ka gan ta. Ruwan zogale a yi amfani da shi a ranar, kada ya kwana biyu. Bayan ya kwanta ki tsiyaye ta cikin farin ƙyalle mai tsabta da ki ka ninka. Kada ku raina ƙyalle. Yana cikin makaman da aka yaƙi kurkunu da su, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. Ruwa mai tsatsa kuwa iska ce maganinsa. Ki riƙa sheƙa shi daga bokiti zuwa bokiti, ki bar shi ya kwana, tsatsar za ta kwanta.

Wadda ke da tanki a kan rufi, ta tuna cewa tanki randa ce babba. In ba shi da murfi, ƙura da kashin tsuntsu da ƙadangare duk suna ciki. A rufe shi, a kuma wanke shi ko da sau biyu a shekara.

Ruwan famfo da matacin shawa

Na uku shi ne ruwan famfo mai warin magani. Maganin nan sunansa kulorin. Kafin mu yi ƙorafi a kansa, mu san darajarsa. A 1908 aka fara zuba shi kullum a ruwan birnin Jasi Siti na Amurka, daga nan ya bazu a duniya, zazzaɓin taifot da kwalara su ka ja da baya a biranen da su ka riƙe shi. Abin da a ke so ya iso bakin famfo ɗan kaɗan ne, miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa iyaka a miligiram 5. Yawancin mutane ba sa jin komai. Amma mai busasshiyar fata ko mai kirci ta kan ji fatarta ta ɗaure, musamman ran da maganin ya yi ƙarfi. Maganin wannan kyauta ne. Ki tara ruwan a bokiti, ki yafa masa ƙyalle, ya kwana. Kulorin ya kan bi iska, da safe warin ya ragu.

Yanzu kuma ga wani abu ya shigo kasuwa, a na tallarsa a kanti da cikin waya: mataci ne da a ke ɗaurawa a wuyan shawa, wai yana gyara fata, yana tsirar da gashi. Wata abokiyar aikina ta sayi ɗaya da rabin abin da ta tara, ta ɗaura, ta yi wata uku ba ta ga canji ba. Dalili kuwa, ruwan gidansu na burtsatse ne.

Ga abin da ke cikin matacin nan. Wani gawayi ne da aka gyara musamman, wani ɓarɓashin jan ƙarfe da tutiya, wani kuma bitamin C. Aikinsu shi ne rage kulorin da tare ɗan yashi da tsatsa. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa ba kulorin a cikinsu, sai in wani ya zuba. Dutsen da ya narke a ruwa wucewa ya ke yi ta cikin matacin abinsa, ba a kuwa yi shi don kashe ƙwayoyin cuta ba. Cikinsa yana ƙarewa, sai an sake bayan 'yan watanni, in an bar shi ya zama matattarar ƙazanta. Saboda haka wadda ke da ruwan famfo mai ƙarfin magani da fata mai saurin fushi, tana iya amfana da shi. Saura kuwa su riƙe kuɗinsu.

Abin da ya ke cire dutse da gaske wata na'ura ce babba da a ke haɗawa da bututun gida, a na ciyar da ita da gishiri. Tana da tsada ƙwarai. Ita ma an gwada ta. A 2011 aka buga sakamakon wani gwaji a Ingila da yara 336 masu kirci. Aka sa na'urar a gidajen rabinsu har mako 12, rabi kuwa ba a sa ba. Wasu iyaye sun ce sun ga ɗan sauƙi. Amma ma'aikatan jinya da su ka duba fatar yaran, ba tare da sun san gidan da ke da na'ura ba, ba su ga bambanci ba. Watau ruwa mai dutse yana tsananta wa fata, amma in ciwo ya riga ya kama, sake ruwa kaɗai ba ya warkar da shi. Sai an haɗa da mai da maganin likita.

Ruwan tafki, babban abin tsoro

Duk abin da na faɗa a baya, kyau ya ke ɓatawa da jin daɗi. Na huɗun nan kuwa lafiya ya ke ci.

Bayan dogon hutu wata ɗalibata 'yar shekara 12 ta tsaya bayan an tashi daga aji, tana murza bakin hijabinta. Ta ce, “Malama, ina da magana, amma ina jin kunya.” Na ce, “Faɗi, ƙanwata, ba mai ji sai ni.” Ta ce ta yi kwanaki tana ganin jini a ƙarshen fitsarinta, ta ɓoye, don tana tsoron abin da za a ce ta yi. Mu ka kai ta asibiti, aka auna fitsarin, aka ce tsargiya ce. Ashe watannin baya ta je ƙauyen kakarta, kullum suna tafki, wanka da wanki.

Tsargiya tsutsa ce, ta fata kuwa ta ke shiga, ba sai an sha ruwan ba. Wani likita Bajamushe, Tiyodo Bilhas, shi ya gano ta a Alƙahira a 1851. Mai ciwon in ya yi fitsari a tafki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wani ƙaramin dodon-koɗi na ruwa. Bayan makonni su fito dubbai suna iyo, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga ruwan, cikin 'yan mintoci sun huda fatarsa. Wani ya kan ji ƙaiƙayi da 'yan ƙuraje a ranar, ya ɗauka ba komai. Tsutsar ta girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, bayan wata biyu ko uku sai jini ya bayyana. A wasu ƙauyuka har a kan ce alamar girma ce ga yaro namiji. Wannan kuskure ne babba. Ga 'ya mace kuwa abin ya fi muni, gama ƙwan ya kan maƙale a gabanta da mahaifarta, ya kawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci har ya hana haihuwa, a yi ta zargin kishiya ko iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke bukatar maganin rigakafinta, 90 cikin 100 kuwa a Afirka su ke. Kududdufi, da tafki, da bakin dam, da magudanan noman rani, duk inda ruwa ya ke kwance da ciyayi, nan ne gidanta.

Ga abin farin ciki. 'Ya'yan tsutsar nan in ba su sami jikin mutum ba, ba sa wuce kwana biyu da rai. Don haka in dole da ruwan tafki za ku yi wanka, a ɗebo shi a ajiye. Ki sami randa uku ko jarka uku. Ta yau a cika, ta jiya a bar ta, ta shekaranjiya ita a ke wanka da ita, a duba kuma kada dodon-koɗi ya biyo ruwan. In kuna sauri, a tafasa shi minti ɗaya a bari ya huce. Kada ki dogara da ƙyalle ko alif ko zogale a kan wannan. Mai ɗebowa ta tsaya a bakin gaɓa ta sa guga, kada ta tsunduma ƙafa. Wanda ya riga ya kamu, akwai ƙwayar magani mai suna firazikwantal, a kan raba ta a makarantu a wurare da yawa, a na kuma samunta a asibiti. Ɗalibata ta sha, ta warke. In da kunya ta hana ta magana fa?

Laifin da ba na ruwa ba

Kada kuma mu ɗora wa ruwa abin da bai yi ba. Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, daga jiki zuwa jiki da shimfiɗa. Makero da kwarkwata ta mataji da ɗankwali da aska su ke yawo. Ku 'yan makarantar kwana, kowace ta riƙe sosonta da tawul ɗinta da matajinta. Gashin gaban goshi da ya ke zubewa, yawanci kitso mai ɗauri ne da man miƙar da gashi su ke cinye shi. Ruwa mai dutse ya kan busar da gashi, amma ba ya tumɓuke shi daga saiwa. Mai shafa man canja launi kuwa, ita ta rage wa fatarta kauri da hannunta, kowane ruwa zai yi mata zafi.

Zafin ruwa ma abin dubawa ne. Da hunturu mu kan so ruwa mai ƙuna, shi kuwa narkar da maiƙon fata ya ke yi kamar yadda ya ke wanke kwanon miya. Mai ɗumi ya isa. Na jariri ki gwada da gwiwar hannu, ya zama daidai ɗumin jiki. In kin fito, ki tsane jiki a hankali, kada ki goge da ƙarfi, ki shafa man kaɗanya ko basilin tun fata tana da sauran danshi. Wannan kaɗai ya raba ni da rabin ƙaiƙayina.

Sa'an nan kada tsoron ruwa ya sa a rage wanka. Ƙarancin ruwa ya fi ruwa mai dutse ɓarna, gama inda ba a wanke fuska da jiki da tufafi, nan ƙazuwa da ciwon ido su ke yaɗuwa. Masana sun ce mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da 'yar tsabta. Ƙurjin da ya yi ruwa, ko ƙaiƙayin da ya hana barci, ko wanda ya kama gida duka, na asibiti ne, kada a tsaya gwaje-gwaje.

To, 'yan'uwa, aikin da na ba ku a makon nan ke nan. Ku leƙa gindin tukunyar tafasa ruwa. Ku girgiza kwalba biyu. Ku kwantar da ruwa a farin kwano. Ku sunsuna na famfo. Ku tambayi mai garuwa inda ya ke ɗebowa, ku kuma tambayi yaranku inda su ke wanka in sun je ƙauye. Ni yanzu ruwan garin nan ya karɓe ni, gashina ya dawo, ban kuwa sayi komai ba sai lemun tsami da man kaɗanya. Iya har yau in ta gan ni sai ta ce, “Malama, yaya tukunya?” Wadda ta yi gwajin kwalba ta rubuto mana abin da ta gani da sunan garinsu, don mu san irin ruwan kowane wuri. In kunne ya ji, jiki ya tsira.